Awon tasirin mai bincike: misalin Lapeyssonnie

Tun da Eugene Garfield ya fito da kundin ƙidayar ambato a Amurka, cikin shekarar 1964, akan auna darajar mai bincike da yawan ambaton da takwarorinsa ke yi wa rubuce-rubucensa. A 2005 Jorge Hirsch ya ƙaro ma'aunin h: mai h 20 shi ne wanda ke da maƙala 20, an ambaci kowacensu aƙalla sau 20.

Aikin Léon Lapeyssonnie, likitan sojan Faransa, yana nuna iyakar wannan awo. A 1963, cikin mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya, ya shata yankin da sanƙarau ke yi wa ɓarna da rani, wato inda ruwan shekara ke tsakanin milimita 300 da 1100. Kudancin Nijar yana ciki. Ga ma'aunin h, wannan gagarumin aiki bai wuce maki guda ba. Sunan da ya raɗa wa yankin kuwa, "ɗamarar sanƙarau" in an fassara, ya bi bakin jama'a kamar kowace kalma, har akan rubuta shi ba a ambaci mai shi ba. Amma a cikin yankin nan ne aka soma gangamin allurar MenAfriVac a 2010, a Burkina Faso da Mali da Nijar.