In rezo ya ɗauke, ba kullum ne hari ba

A kasuwannin kan iyaka irin su Ɗan Isa, Birnin Ƙonni da Maigatari, rabin ciniki yau a cikin salula yake. Da ita ake jin farashin naira da sefa, da ita ake tura kuɗin buhun wake. Shi ya sa duk ranar da rezo ya ɗauke, nan da nan sai jita-jita ta cika rumfuna: wai masu kutse sun kai hari, wai manyan ƙasashe za su kashe intanet a duniya baki ɗaya, wai kuɗin da ke banki za su salwanta.

To, bari mu duba abin da ya taɓa faruwa. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin azumi, intanet ya yi rauni ƙwarai a Kodebuwa, Laberiya, Gana, Benin da Najeriya, tura kuɗi ta bankuna ya gagari mutane da dama. An yi ta zargin zagon ƙasa. Ashe manyan wayoyi huɗu ne da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, wato WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a kusa da gaɓar Kodebuwa. Kamfanin MainOne ya ce binciken farko ya nuna motsin ƙasa ne a ƙasan teku. Sai da jiragen ruwa na gyara suka yi makonni suna aiki. Nijar ba ta da teku, ta ƙasashen gaɓa take samun intanet ɗinta, don haka in waya ta tsinke can, mai rumfa a Maraɗi ma yana iya ji a jikinsa.

Haka ma ranar 19 ga Yuli 2024, filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci suka tsaya cik a ƙasashe da yawa. Wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ne ya aika da gyara mai kuskure, wanda Microsoft ya ce ya taɓa kwamfutoci miliyan 8.5.

Wani lokacin kuma hukuma ce da kanta ke rufewa. A Fabrairun 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet na salula a Nijar har kusan kwana 10. A Satumban shekarar, an kashe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda yaƙi da ƴan bindiga.

Duk da haka harin masu kutse gaskiya ne. A Yunin 2017 wata cutar kwamfuta da ake kira NotPetya, wadda ta fara daga Yukren, ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk, kwantenoni suka maƙale a tashoshi, kamfanin ya yi asarar wajen dala miliyan 300. Amma intanet hanyoyi ne dubbai da ke haɗe da juna, ba shi da makunni guda da wani zai danna ya kashe wa kowa.

Ƴan uwa ƴan kasuwa, ɓarawon da ya fi kusa da aljihunku shi ne wanda zai kira ku ranar da rezo ya rikice, ya ce daga banki yake, ku ba shi lambar sirri don ya ceto kuɗinku. Banki ba ya tambayar wannan lamba ta waya. Kada ku saki kaya don an nuna maku hoton shaidar biya, sai kuɗin sun shigo. Ku ajiye ɗan tsabar kuɗi na kwana biyu ko uku, ku riƙe layukan kamfanoni biyu, ku rubuta bashi a littafi. Kada ku karya farashi ko ku ruga canjin kuɗi saboda saƙon murya da ba a san mai shi ba. Ku buɗe rediyo ku ji sanarwar kamfanin waya da ta hukuma tukuna. Rigakafi ya fi magani.