Ƙaryar Abu Zaidi da Gaskiyar Hariri

Muhawara ta sake tashi tsakanin ɗalibai a birnin Sakkwato, inda wasu suka dage a kan cewa duk ƙagaggen labari ƙarya ne, ƙarya kuwa haramun ce, don haka marubuci da makaranci sun yi tarayya cikin zunubi. Abin da ya dame ni shi ne da yawa daga masu wannan fatawa sun durƙusa a zauren malamai sun ɗauki Maƙama, ba su kuwa taɓa tambayar ko an yi Abu Zaidi a duniya ba.

Hariri mutumin Basra, wanda ya rasu a 1122, ya tsara maƙama 50 a kan wannan tsoho mai kaifin harshe, wanda yau zai fito a makaho, gobe ya gurfana da ɗansa gaban alƙali a kan rigimar da suka ƙulla tun a gida. A maƙama ta farko, a San'a, ya yi wa'azi har jama'a suka buɗe aljihu, amma da mai ba da labarin, Harisu ɗan Hammamu, ya bi sawunsa zuwa wani kogo, sai ya tarar da shi gaban gurasa da gasasshen ɗan akuya da tulun giya.

To, a nan ya kamata a tsaya a rarrabe. Abu Zaidi ya yi wa mutanen San'a ƙarya, domin ya nufi su gaskata abin da ya san ba haka yake ba, ya ci dukiyarsu. Hariri kuwa bai yaudari kowa ba, tun da shi ne ma ya kama hannunmu ya kai mu bakin kogon. Yaron da ya liƙa gemun auduga yana tashe da azumi, wa ya ruɗa? Tsohuwar da ta tara jikoki da dare ta ce Gizo ya yi magana, har ta rufe da ɗora masa alhakin ƙaryarta, wane jika ne ya zarge ta? An yi alkawari tun farko cewa hikaya ce. Shi kansa Hariri ya hango wannan zargi, ya kare kansa a muƙaddima da misalin labaran da ake sa wa dabbobi a baki, ya mai da al'amarin ga niyya.

Ina roƙon malamanmu, idan sun zo biya Maƙama, su bayyana wa ɗalibai wannan bambanci kafin su shiga fassarar lugga.