Cokalin Sukari Yana Hannun Uwa

A gidajenmu, idan aka dama koko da safe, ba a ajiye gwangwanin sukari a gaban yara a ce kowa ya zuba son ransa. Uwa ce ke riƙe da cokali. Ta zuba wa ƙarami ɗaya, babba ɗaya da rabi tunda kofinsa ya fi girma, ta rufe gwangwani ta ɗora a sama. Ba ta hanawa ƙememe, don ta san yaron da aka hana shi ne zai lallaɓa da rana ya cika tafin hannu ya afa a baki.

Haka nake kallon wasan gem da ya shigo mana gida ta waya. Zaƙinsa ba a banza ya zo ba, auna shi aka yi. Masu ƙera wasanni irin Free Fire da PUBG sun san abin da ke riƙe mutum: kyauta ga wanda ya leƙo kullum, matsayi da ke hawa idan ka ci ya sauka idan ka faɗi, ga kuma abokai can suna jiranka ku shiga fili tare. Ɗan shekara goma ba shi da ƙarfin ja da kamfanin da ya tara ƙwararru don wannan aiki. Idan ya ce "saura wasa ɗaya, Mama," har zuciyarsa yake faɗa. Wasan ne ke hana shi cika alkawari.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da zaƙin ke korewa. Yaron da ya ƙoshi da sukari ba ya neman tuwo. Barci ne ke fara tafiya, sai haddar Islamiyya, sai aikin gida na boko, har ƙwallon yamma a layi ta daina burge shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka, amma da sharaɗi: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan komai, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, yawanci har tsawon shekara guda. Yawancin yaranmu ba su kai nan ba, don haka kada a firgita a fasa waya.

Akwai ƙasashen da gwamnati ta karɓi cokalin. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da hutun gwamnati. Wasu yaran sai suka koma shiga da sunan manya. Koriya ta Kudu kuwa ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasan intanet daga tsakar dare zuwa 6 na safe tun 2011, bayan shekara goma ta soke dokar ta mayar wa iyaye ragama.

To, mu da ragamar ke hannunmu tun asali fa? Yaro ya san rabonsa kafin ya karɓi waya, kada a bari sai ya nutse a zo ana fizga. Wasan intanet ba ya tsayawa a tsakiya. Wanda aka fizge wa waya ya bar abokansa a fili, shi ya sa kukan ke yin tsanani. Gara a ce masa "wasa biyu, bayan ka gama aiki, kafin Magariba." Manhajar Google Family Link na iya kulle wayar idan lokaci ya cika, kuma kyauta ce. Sai dai baki ya zama ɗaya: idan Mama ta hana, Baba ya miƙa tasa wayar don a bar shi ya huta, an gama rusa doka. Haka kuma uban da ke latsa waya ana cin tuwo zai sha wuyar shawo kan ɗansa.

Iyaye, ku zauna kusa da yaro yau ku ga wasan da yake yi da waɗanda yake yi da su, sannan ku yanka masa lokaci. Da dare kuma waya ta kwana a ɗakinku.