Jin ɗumi a ɗaki lokacin ɗari

Daga watan Disamba zuwa Janairu, sanyi yakan sauka a ƙasar Damagaram. Iskar hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas da ƙura. Da an yi sallar isha'i, kowa sai ya shige ɗaki ya ja ƙyaure. Wani ya toshe taga da tsumma. Daga nan a shigo da kaskon garwashi, ko a kunna rishon gaz, don ɗaki ya yi ɗumi. A nan ne hatsarin yake.

Wuta tana cin iska kamar yadda mutum yake shaƙarta. Abin da take ci cikin iskar shi ne oksijan, wanda mu ma da shi muke rayuwa. In iska mai kyau tana shigowa, wuta takan ci sosai. In ɗaki yana rufe ruf, oksijan sai ya ragu, wutar ta riƙa ci rabi-rabi. To, a lokacin ne take yawaita fitar da wata iska mai guba, wadda lokotoro suke kira monoksid na karbon.

Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Hayaƙin icce ya fi ta kirki, don shi yana korar mutum waje. Ita kuwa shiru take shiga huhu, ta wuce cikin jini. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijan, har sau ɗari biyu da wani abu. Ke nan mutum yana numfashi, amma ƙwaƙwalwa da zuciya ba su samun abincinsu. Mai barci ba ya farkawa ya ce wani abu na damunsa. Barcin ne kawai yake ƙara nauyi.

Wani zai ce: "Ai kakanninmu sun kwana da wuta a ɗaki, ba abin da ya same su." Amma mu dubi ɗakin nasu. Bukka ce ta kara da jinkar ciyawa, ƙofarta asabari ko tufaniya, iska na ratsawa ta ko'ina. Yau fa? Ginin siminti, rufin kwano, ƙyauren ƙarfe, tagar ƙarfe. Haka sababbin gidaje da yawa suke cikin Zinder, har Mirya da Magarya. Soron ƙasa irin na Birni ma, mai kaurin bango da ƴar ƙaramar taga ɗaya, in an toshe tagar ya zama tulu.

Ita gaz, a da sai gidan ma'aikata. Tun da aka buɗe matatar man SORAZ a 2011, kan hanyar Tanut, butali mai kilo 6 ya shiga gidaje da yawa. Alheri ne, don ya rage saran itatuwa, ya hutar da idon mata. Amma risho na girki ne. Ba a yi shi don a kunna a kwanta ba. Ko na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da gaz, wadda aka yi don wannan aikin, tana bukatar kafar iska, kuma a kashe ta kafin barci. A riƙa duban harshen wutar. In shuɗi ne, tana ci daidai. In ya koma rawaya, yana baƙanta gindin tukunya, a kashe, a kai ma mai gyara.

Kada mu haɗa abu biyu. Warin nan da ake ji in butali na yoyo, da gangan aka zuba shi cikin gaz don hanci ya gane. Wannan hatsarin gobara ne: a rufe butali, a buɗe ƙofa, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. Iskar gubar kuwa, hanci ba ya jin ta ko kaɗan.

A ganina gawayi ya fi gaz yaudara. Mutane suna cewa in hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi jawur, shi ke nan ba laifi. Ba haka ba ne. Garwashin da ba ya hayaƙi yana nan yana fitar da gubar har ya zama toka. Samarin fada masu shigar da wutar shayi cikin shago su rufe, su ji wannan. Haka tsofaffin da ke aje kasko a ɗakin mai jego. Ɗumi yana da kyau, amma jariri da mai ciki da tsoho da mai ƙarancin jini, su ne gubar take fara kayarwa. A ɗumama ɗaki taga na buɗe, sa'an nan a fitar da kaskon tsakar gida, a ƙara bargo. Injin wuta shi ma wurinsa waje ne, nesa da taga.

Yaya za a gane ta shiga jiki? Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai, kasala, ƙafafu su mutu. Sau da yawa akan ce masassara ce, a nemi ƙwaya. Wasu su ce iskoki ne. E, iska ce, amma ba ta bori ba. Ga abin lura: jiki ba ya zafi, mutanen ɗaki ɗaya suna kamuwa lokaci guda, kuma in sun fita waje sai su ji dama-dama.

In aka tarar da mutum ya some a ɗaki mai wuta, a buɗe ƙofa da taga duka, a jawo shi waje maza-maza. Mai ceton kada ya daɗe a ciki. A kwantar da shi a kan gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura mashi madara ko fura, ba su kashe wannan guba, kuma suna iya sarƙe shi. A kai shi likita mafi kusa, ko babban asibitin Zinder, ko da ya farfaɗo ya ce ya warke. Maganinta oksijan ne da ake sa ma mutum a hanci. Da an isa, a gaya ma lokotoro cewa da wuta ya kwana a ɗaki, a kuma kawo sauran waɗanda suka kwana tare da shi a duba su.