Wai in ka cire Yankari, Bauchi ba abin gani?

A teburin mai shayin bakin layinmu a Gwallameji na fi jin wannan magana, kuma galibi daga bakin ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda kowa ke kira Poli. Ran nan wani ɗan ajin ƙarshe yana jira a soya masa ƙwai, yana nuna wa abokinsa bidiyon wani Bature da ke zaga wani tsohon birnin Italiya a ƙasa, ya tsaya nan ya ɗauki hoton hasumiya, ya tsaya can ya ci taliya. Sai ya ce, "Ka ga garuruwa! Mu nan fa, in ka cire Yankari, me za ka nuna wa baƙo?"

Na ce, "Ɗana, ka taɓa shiga cikin gari?"

Ya ce, "Haba Baba, ai kullum ina Wunti."

Na ce, "A keke ko a ƙasa?" Sai ya yi dariya.

Ban ga laifinsa ba, domin ba shi ya ƙirƙiro zancen ba. Har 'yan asalin garin, masu furfura, na ji suna faɗa. Kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ganuwar da Malam Yakubu, wanda ya kafa birnin, ya kewaye shi da ita, mai tsawon fiye da kilomita 10, yawancinta ta zube, an yi gidaje da shaguna a gurbinta. Ƙofofin da ake gani yau ginin siminti ne. Tituna da yawa ba su da gefen masu tafiya a ƙasa, kana kauce wa achaba kana tsallake kwata. Ranar Afrilu kuwa ba ta san ɗan yawon buɗe ido ba. Yankari ma ba a raina ta. Tun 1956 aka keɓe dajin, kuma wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki da sassafe ya san dalilin da ya sa sunanta ya danne na kowa.

Inda na rabu da masu wannan ra'ayi shi ne hukuncin da suke yanke wa garin alhali ba su taka shi ba. Wanda ke cikin keke, guiwarsa na gogar ta wani, hankalinsa na kan canjinsa, ba ya ganin komai sai bayan direba. Baturen cikin bidiyon nan da a tasi ya ratsa garin, da shi ma bango kawai zai ba da labari.

Ɗauki Bolonya, tunda Italiya ake yi mana gori da ita. Garin ɗalibai ne kamar unguwarmu, sai dai jami'arsu ana lissafa ta tun daga 1088, tamu Poli kuwa 1979 aka kafa ta. Su ma suna da ganuwa, kuma da hannunsu suka rushe yawancinta a farkon ƙarni na 20. A 1902 aka fara rusau ɗin, shekarar da sojojin Ingila suka shigo Bauchi. Ƙofofi suka bari tsaye a tsakiyar titi, motoci na kewaya su, kamar dai namu. Amma ba ka jin ɗan Bolonya ya ce garinsa ba abin gani don ganuwa ta faɗi. Ya san sunan kowace ƙofa da inda take kai mutum, kuma zai ja ka ta ƙarƙashin rumfunan titinsu har ya zaunar da kai gaban kwanon taliyar garinsu, yana yi maka bayani kamar kakarsa ce ta ƙirƙiro ta.

Asabar ɗin da ta biyo baya na ce wa yaron ya shirya bayan sallar asuba. Muka hau keke zuwa Wunti, daga nan muka sallami mai keke.

Abin da ƙafa ke fara koya wa mutum shi ne sunaye. A keke, Wunti tasha ce kawai, wurin sauka. A ƙasa sai ka tuna ƙofa ce, kuma tana da 'yan'uwa: Ƙofar Ran, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Jahun, Ƙofar Wambai, Ƙofar Dumi, Ƙofar Wase, Ƙofar Tirwun, Ƙofar Inkil. Biyun ƙarshen nan kaɗai sun isa darasi. Tirwun ita ce mahaifar Yakubu, Bageri ne, ya tafi karatu wurin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya dawo da tuta. Inkil kuwa nan ya fara zama da jama'arsa kafin ya kafa wannan birni a 1809, a wurin da ake cewa wani maharbi mai suna Baushe ya nuna masa. Ya yi mulki har rasuwarsa a 1845. Ƙofar Wase tana tuna maka inda ikon masarautar ya taɓa kaiwa, can cikin jihar Filato ta yau. Ko unguwar Karofi, da ka faɗi sunan a hankali ka ji marina da baba a ciki, ko da ba ka tarar da mai rini ko ɗaya ba.

Muka bi lunguna har ƙofar fada, inda babban masallacin Juma'a yake. A nan ba a gaggawa. Ka yi sallama ga dattawan da ke zaune a kan tabarma, ka rage tsawo, ka tambaya. Garin da ba shi da allunan bayani, bakin tsofaffi ne allonsa, kuma ba sa magana da wanda ya wuce a guje. Wani dattijo, da ya ji yaron ɗalibi ne, ya tsare shi da labarin yadda aka taɓa ɗauke fadar zuwa Rauta a 1877, har shekara 25 kafin ta dawo. Yaron ya dube ni, wai ko gaskiya ne. Na ce rubuta dai.

Wurin da ya fi ɗaure masa kai shi ne kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wajen Ƙofar Ran. Sau nawa ya wuce ginin a keke yana zaton wata ma'aikata ce. An buɗe shi a 1979, shekara 13 bayan kashe shi a Janairun 1966. Ana shiga ta wani siririn lungu mai duhu, kana lalube, haske na ɗan tsargowa kaɗan-kaɗan, har ka ɓulla fili. Sama a buɗe take, ba rufi, ga kabarin Firayim Ministan Nijeriya na farko, ba ado ba ƙyale-ƙyale. Wannan gini don ƙafa aka yi shi, hoto ba ya ɗauko duhun nan. A garin nan ne kuma, a shekarun 1940, shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suke zaman muhawara kan mulkin En'e da makomar Arewa. Mutum ya yi shekaru yana karatu a Bauchi bai san wannan ba, ai da sauran karatu.

Sai masa. Kanawa su ce waina, mu dai masa muka sani, kuma ko a Abuja ka ga an rubuta "masar Bauchi" a jikin shago don a ja ciniki. A wani lungu muka samu wata baiwar Allah gaban tanda, itace na ci a hankali. Tun jiya ta jiƙa shinkafa ta kai niƙa, ta haɗa da dafaffiya, ƙullun ya kwana ya tashi. Takan ɗiga mai a kowane gurbi, ta zuba ƙullu da ludayi, ta jira gefen ya yi ja, sannan ta juya da bakin cokali, hannunta ba ya kuskure. Bayan ya yi ƙamas-ƙamas, cikin fari tas, da ɗan tsamin da ba a samu a wadda aka yi wa gaggawa. Ta ce, "Alhaji, da miya ko da ƙuli?" Na ce miyar taushe, ta kabewa da gyaɗa. Yaron ya ce a haɗa masa duka biyun. Masar da ake kawowa Gwallameji a leda ta riga ta yi gumi ta saki jiki kafin ta iso. Wannan kuwa daga tanda sai baki, har yana hura yatsa.

Ban ce mun kai Bolonya gyara da adana ba. Su sun rubuta nasu, sun kafa alluna, sun hana motoci shiga wasu titunan. Mu ko ɗan allon da zai ce wa baƙo "nan ganuwa ta bi" ba mu kafa ba, kuma wannan laifin ba na ɗalibai ba ne. Amma rashin allo daban, rashin abin gani daban.

Da rana ta fara zafi muka nemi keken komawa. A hanya ya ce shi fa har yanzu Yankari ta fi, domin can akwai giwa. Na ce ban musa ba. Muna wuce Yelwa sai ya juyo ya ce, "Baba, Inkil ɗin nan, ana iya zuwa a ƙasa?"