Gidan Ɗan Hausa: Ginin Ƙasa Mai Shekara Fiye Da Ɗari

Jama'ar Illela da kewaye, da yawa daga cikinmu kan je Kano fatauci. In Allah ya kai ka, ka ɗan ware lokaci ka ziyarci Gidan Ɗan Hausa a unguwar Nasarawa.

Wane ne Ɗan Hausa?

Bature ne mai suna Hanns Vischer. An haife shi a ƙasar Suwizalan a 1876, ya rasu a 1945. Ya iya Hausa ƙwarai, shi ya sa aka laƙaba masa wannan suna. A 1909 ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, ana koyarwa da Hausa. Gidan da ya zauna yanzu gidan tarihi ne, a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

Me za ka gani?

Ginin na ƙasa ne, aikin maginanmu. In ka shiga, ka ɗaga kai ka dubi rufi. An jera azara, an lanƙwasa baka daga bango zuwa bango, an shafe da ƙasa. Bakan nan su ke ɗauke da nauyin soro. A jikin bango akwai zane. Magini kan fitar da shi da hannu tun yaɓe yana ɗanye, in ya bushe a sa masa launi. Bangon yana da kauri, don haka ko da bazara ɗakin da sanyi.

Me ya hana shi rushewa?

Gyara. Babban abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwa. Inda yaɓe ya zube a kan mayar, inda zane ya dushe a kan sabunta.

Mu ma muna da tsofaffin soraye da zaurukan kakanni. Wasu sun zube, wasu an rushe su an sa bulo. Kafin damina, mu toshe tsagar soro, mu gyara indararo. Mu yi yaɓe da ƙasa da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. A guji shafa siminti a kan bangon ƙasa, domin yakan riƙe danshi, daga baya ya ɓamɓare.

Tsofaffin magina suna ƙarewa. Mu ba su aiki, mu tura yaranmu su koya tun suna raye.