Kyamarar SLR: Daga Fim Zuwa Dijital

Kyamarar SLR ita ce wadda mai ɗaukar hoto yake leƙe ta cikin ainihin gilashin da zai ɗauki hoton, ba ta wata taga ta gefe ba. A cikinta akwai ɗan madubi da aka jingine a kusurwar digiri 45. Haske yana shigowa ta gilashin gaba, wanda masu sana'ar ke kira lens, sai madubin ya cilla shi sama zuwa wani curin gilashi mai gefe biyar da ke cikin tozon kyamarar, shi kuma ya daidaita hoton ya miƙa wa ido. Da an danna maɓalli sai madubin ya ɗaga, labulen da ke bayansa ya buɗe, haske ya faɗa kan fim, sannan kowa ya koma mazauninsa. Ƙarar nan da ake ji ta madubi da labule ce, kuma dalilin ke nan tagar leƙen takan yi duhu na ƙiftawar ido. Amfanin wannan tsari shi ne abin da ido ya gani shi zai fito a hoto, kuma ana iya cire gilashi a ɗaura wani.

Jamusawa ne suka fara yaɗa SLR a kan fim mai faɗin milimita 35, da Kine Exakta da aka ƙera a Dresden a 1936. Bayan yaƙin duniya na biyu Japanawa suka karɓe kasuwar. Nikon F ta fito a 1959 ta zama abokiyar tafiyar 'yan jarida, Pentax K1000 da Canon AE-1 suka fito a 1976 suka shiga hannun ɗalibai da masu sha'awa, Minolta 7000 kuma ta kawo saitin gani mai aiki da kansa a 1985.

Dijital kuwa a gidan masu fim aka haife ta. Wani injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya baƙi da fari a kaset. A 1991 Kodak ta ɗora na'urar dijital a jikin Nikon F3 ta sayar wa ƙwararru. Nikon D1 ta zo a 1999, amma abin bai sauko wa mai ƙaramin ƙarfi ba sai 2003, da Canon EOS 300D ta fito a ƙasa da dala dubu ɗaya. A 2012 Kodak ɗin da kanta ta nemi kariyar kotu saboda karayar arziki. Ita SLR ta dijital, wadda ake ce wa DSLR, ba ta sauya madubi ko labule ba. Fim kawai aka cire aka sa sensa, wato falle mai jin haske da ke mayar da shi lambobi a ajiye a katin memori. Don haka wanda ya iya aiki da fim ba daga farko zai soma ba.

Abu uku ke yanke yawan hasken da hoto zai samu. Na farko ƙofar haske ce da ke cikin gilashi, wadda ake faɗaɗawa ko tsukewa, kuma ana auna ta da lambobi irin f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11 da f/16. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, kuma kowane taki ɗaya zuwa sama yana rage hasken da rabi. Ƙofar tana da wani aikin kuma: a f/2 fuskar mutum za ta fito tar, bayansa ya narke ya yi dishi-dishi, a f/11 kuwa mutum da garun da ke bayansa duk za su fito. Na biyu shi ne tsawon lokacin da labule ke buɗe. Mutum a tsaye, 1/125 na daƙiƙa ya ishe shi. Dokin da ke sukuwa a hawan Sallah yana bukatar 1/1000 ko abin da ya yi kusa, in ba haka ba ƙafafunsa su fito kamar hayaƙi. Akwai tsohuwar ƙa'ida ga mai riƙe kyamara a hannu: kada saurin labule ya yi ƙasa da tsawon gilashin, wato mai gilashin milimita 200 kada ya sauka ƙasa da 1/200, don rawar hannu na ƙaruwa da tsawon gilashi.

Na uku shi ne ISO, ma'aunin saurin jin haske, kuma a nan ne dijital ta yi wa fim fintinkau. A da in an sa fim mai ISO 100, to da shi za a ƙarasa hotuna 24 ko 36 ɗin da ke cikinsa, ko da rana ta faɗi. Yanzu ana sauya shi daga hoto zuwa hoto: 100 a tsakar gida, 1600 a cikin zaure. Sai dai in aka ɗaga shi da yawa hoton yakan yi tsaki-tsaki, launinsa ya dushe. Ƙa'idar masu fim ta rana tsaka har gobe tana aiki: in rana ta buɗe sosai, f/16 da 1/125 a ISO 100 za su ba da hoto daidai ko da ma'aunin hasken kyamarar ya mutu. Mai farawa zai fi saurin koyo in ya bar wurin da kyamara ke yanke komai da kanta, ya koma inda aka rubuta A ko Av, ya zaɓi ƙofa da hannunsa, ita kuma ta zaɓi saurin labule.

Batun gilashi ne ya kamata ya fi cin hankali da kuɗin mai saye, amma akasari a kan gangar jikin kyamara ake ƙarar da su. Gangar jiki takan tsufa cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau kuwa sai ya yi shekara talatin yana aiki. Ana auna tsawonsa da milimita. A kan fim, 24 ko 28 mai faɗin gani ne, na ɗaki da taron jama'a. 50 ya yi kusa da yadda ido ke gani. 85 zuwa 135 na hoton fuska ne, don ba ya kumbura hanci. Daga 200 zuwa sama na abin da ke nesa. Yawancin ƙananan DSLR suna zuwa da gilashin zum mai 18 zuwa 55, wanda ƙofarsa ke tsukewa daga f/3.5 zuwa f/5.6 in an jawo abu kusa. Ba shi da laifi da rana, amma da magariba ta yi sai ya gaza. Gilashi na biyu da ya fi cancanta a saya shi ne 50 mai f/1.8. Yana cikin mafi araha a wurin Canon da Nikon, hotonsa garau ne, kuma hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma na wancan zum ɗin a ƙarshen tsawonsa. Rashin zum ma wata makaranta ce, domin dole mai shi ya taka da ƙafarsa ya nemi inda ya dace ya tsaya.

Wanda ya taso daga fim zai tarar da wani abin mamaki in ya ɗaura tsohon gilashinsa. Faɗin hoto ɗaya a fim milimita 36 ne da 24, amma sensar yawancin kyamarori masu sauƙin kuɗi, wadda ake kira APS-C, ba ta kai haka ba, tsakiyar hoton kawai take kamawa. Don sanin abin da za a gani sai a ninka tsawon gilashin da 1.5 a Nikon da Pentax, da 1.6 a Canon. Ke nan 50 zai yi aikin 75 ko 80, shi kuwa 28 da aka saba ɗaukar dangi gaba ɗaya da shi zai koma kamar 42 ko 45, a ga mutanen gefe sun fita daga hoto. Mai ɗaukar abin nesa riba ya ci, mai aiki a ƙuntataccen ɗaki kuwa sai ya nemi 18 ko ƙasa da haka. Kyamarori masu sensa daidai da girman fim, irin Canon 5D ta 2005 da waɗanda suka biyo ta, ba su da wannan matsalar, sai dai da su da gilasansu duk sun fi tsada da nauyi.

Ba kuma kowane tsohon gilashi ne ke hawa sabuwar kyamara ba, ko da kamfaninsu ɗaya. Canon ta sauya bakin da ake ɗaura gilashi a kyamarorinta a 1987 da ta fito da EOS, saboda haka gilasan FD na zamanin AE-1 ba sa hawa DSLR ɗinta kai tsaye, amma duk wani EF na zamanin fim yana hawa ya yi aiki. Nikon ta riƙe bakin F tun 1959, sai dai ƙananan kyamarorinta irin D3000 da D5000 da ƙannensu ba su da injin juya saiti a jikinsu, don haka tsofaffin gilasan AF, wato masu saita kansu, da hannu za a saita su, waɗanda aka ƙera kafin 1977 kuma suna iya lalata bakin wasu kyamarorin. Pentax tana kan bakin K tun 1975, gilasan Minolta masu saita kansu kuma suna hawa Sony mai bakin A. Tsohuwar fitilar filasha ita ma a yi hattara da ita: wasu na sakin wuta mai ƙarfin da zai ƙona kayan cikin kyamarar dijital.

Akwai ɗabi'ar da dole mai fim ya sauya. Fim ɗin nagetif yana haƙuri da haske in ya yi yawa, mai wanki ya gyara. Sensa ba ta da wannan haƙurin: inda ya ƙone ya yi fari fat, babu abin da zai dawo da shi. Ango cikin farar shadda da babbar riga a filin ɗaurin aure bayan sallar Juma'a shi ne babban gwaji. In aka bi fuska, aikin da ke wuyan rigar ya ɓace. In aka bi riga, fuska ta yi duhu a ƙarƙashin hula. Mafita ita ce a ja shi inuwar bishiya ko rumfa, ko a kunna filasha kaɗan duk da rana, sannan a duba ɗan zanen tudu da kyamara ke nunawa a allonta: in ya jingina da bangon dama, fari ya ƙone. Ɗauka a tsarin RAW na ba da damar haskaka fuska da gyara launi daga baya a kwamfuta, alhali JPEG ya riga ya dahu, gyaransa kaɗan ne.

Ƙura ma sabuwar damuwa ce. Fim sabo yake zuwa da kowane hoto, sensa kuwa ita ce dai kullum, kuma ƙwayar ƙura ɗaya za ta bar ɗigo a wuri ɗaya a hotuna dubu, musamman a sararin sama in an tsuke ƙofa. A lokacin hunturu a Kano ko Damagaram, a sauya gilashi cikin ɗaki ko mota, kyamara a kashe, bakinta na kallon ƙasa. Ana hure ƙurar da 'yar robar hura iska, ba da baki ba, ba kuma da gefen riga ba. Da damina laima ce abokiyar gaba, domin tana sa funfuna ta yi saƙa a cikin gilashi, don haka kada a rufe kayan cikin jaka mai danshi.

Yawan megafiksel, wato ma'aunin yawan ɗigogin da ke cikin hoto, ba abin tada hankali ba ne. Hoton inci 8 da 12 da aka wanke da kyau bai buƙaci fiye da megafiksel 9 ba. Tun 2018 Canon da Nikon suka mayar da ƙarfinsu kan kyamarori marasa madubi, abin da ya sa DSLR ta hannu ta yi sauƙi, ga batirinta ya fi jimawa saboda tagar leƙenta ba ta cin wuta, wanda ba ƙaramin abu ba ne inda lantarki ke wuya. Mai sayen ta hannu ya nemi sanin sau nawa labulenta ya buɗe, tunda yawancin ƙanana an gwada su ne a kan kimanin dubu ɗari. Ya ɗauki hoton farin bango a f/16 ya duba ɗigo, ya haska gilashin da tocila ya nemi funfuna ko ƙarzuwa.

Nagetif yakan yi shekaru a akwati, amma kati ko waya na iya shafewa dare ɗaya. Kowane hoto mai muhimmanci a ajiye shi wuri biyu dabam-dabam kafin a goge katin, na biki da na iyali kuma a kai a wanke su a takarda.